Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Shawara Ga Sabon Shiga Mai Son Haɗa Kwamfutar Wasa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai bai tarar da wasu sun kewaye allo ana buga ƙwallo ko tseren mota ba. Da yawa daga cikinmu da wayar hannu muka fara, daga nan muka koma gidan gem na unguwa inda ake biyan kuɗi a kan kowane wasa, har wata rana zuciya ta raya mana cewa ai gara mutum ya mallaki nasa. To, a nan ne ake fara jin labarin cewa ba dole ba ne a sayi kwamfuta haɗaɗɗiya. Mutum yana iya sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da hannunsa, kuma ta zo masa da sauƙin kuɗi. Wannan magana gaskiya ce, sai dai akwai sauran rina a kaba.

Mafi yawan shawarwarin da sabon shiga yake samu daga bidiyoyin YouTube suke fitowa, na mutanen Amurka da Turai. Su kuwa wutarsu ba ta cika ɗaukewa ba, shagunansu suna karɓar kaya idan ya lalace, kuma ba su san ƙurar hunturu ba. Wanda ya kwafi jerin kayansu ya shiga kasuwarmu da shi, ya ɗinka riga ne da awon wani. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, mai ƙaramin aljihu a Nijeriya ya fara kashe kuɗinsa a kan wuta da kariya, sannan katin hoto, sannan sauran kaya. Kayan ado su zo a ƙarshe, in ma har sun zo. Ba a littafi na karanta wannan darasi ba, da kuɗina na saye shi.

Abin Da Ya Same Ni

Kusan shekara guda na yi ina koyar da yara darasi da yamma ina tara abin da na samu. Da kuɗi suka taru, sai na sayi katin hoto na hannu mai kyau, GTX 1660 Super, da sauran manyan sassa. Saura abu biyu: gidan da za a zuba kayan, da akwatin wutar da zai ciyar da su. A wani shago na ga wani gida mai gefen gilashi, da fankoki uku masu canza launi, kuma mai shagon ya ce da akwatin wuta a ciki kyauta. Na duba jikin akwatin, ba sunan kamfanin da na sani, amma an rubuta wat 650 da manyan baƙaƙe. Na ɗaga shi na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Zuciyata ta yi mini gargaɗi, idona kuwa yana kan fitilu.

Mako uku kwamfutar ta yi tana aiki, abokai suna zuwa kallo. Wata rana da dare aka ɗauke wuta, jim kaɗan aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙara, sai warin ƙonewa. Akwatin wutar ya ƙone, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da katin hoton da uwar allon. Aikin shekara guda ya tashi a cikin daƙiƙa. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin ni na zaɓi ƙyalli na bar inganci. Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, saboda haka ɗan'uwa, ka saurara.

Tambayi Kanka Tukuna

Kafin ka taka ƙafarka zuwa kasuwa, zauna da takarda da biro ka amsa tambaya ɗaya: wane wasa nake so in buga? Wannan tambaya ita ce ma'aunin komai. Wasanni irin su eFootball da Valorant da Fortnite da Dota 2 ba sa buƙatar inji mai ƙarfin gaske, kuma kyauta ake sauke su. Amma manyan wasanni na labari irin su Cyberpunk 2077 ko Red Dead Redemption 2 suna cin ƙarfi sosai. Kowane wasa yana da jerin abubuwan da yake buƙata a shafinsa na Steam ko na kamfanin da ya yi shi. Ka duba jerin da kamfanin ya ba da shawara a kai, kada ka tsaya a mafi ƙanƙanta, domin mafi ƙanƙantar buƙata tana nufin wasan zai buɗe ne kawai, ba lallai ya yi daɗi ba.

Burin mai ƙaramin kuɗi ya tsaya a kan kaifin hoto na 1080p da hotuna 60 a kowace daƙiƙa. Wannan ba abin kunya ba ne. Kada wani ya ruɗe ka da zancen 4K, wannan hanyar masu hannu da shuni ce.

Sannan ka rubuta kuɗin da kake da shi gaba ɗaya, ka cire na monita da kibod da linzami da na'urar kariya daga wuta. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin kwamfutarka. Da yawa sukan manta da wannan, sai su gama haɗa inji su rasa allon da za su kalla. Ka kuma tuna cewa duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Don haka farashin da wani ya gaya maka bara tarihi ne, ka je ka ji na yau da kunnenka.

Sassan Da Za Ka Saya

Sassa bakwai ne suke haɗuwa su zama kwamfuta. Akwai furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar da ke lissafi. Akwai katin hoto, mai zana duk abin da kake gani a allo. Akwai uwar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira madabod, ita ce shimfiɗar da kowa yake zama a kanta. Akwai RAM, wato teburin da ake baza aikin da ake kan yi. Akwai ma'ajiya, inda wasanni da takardu suke kwana. Akwai akwatin wuta, wanda aka fi sani da fawa-fak. Sai kuma gidan da zai rufe su duka. A tsarin da na ga ya dace da mu, daga na shida ake farawa.

Wuta Kafin Komai

Aikin akwatin wuta shi ne ya karɓi wutar bango ya tace ta, ya mai da ita ƙaramar wuta mai natsuwa wadda sassan za su iya sha. Mai kyau yana da matakan kariya, idan wuta ta yi yawa ko aka sami gajeren haɗi sai ya kashe kansa ya ceci saura. Maras kyau kuwa sai ya miƙa bala'in gaba, kamar yadda nawa ya yi. Shi ne ɗan hakin da ka raina.

Ka nemi na kamfanonin da aka sani, irin su Corsair da Seasonic da Cooler Master da be quiet!, kuma a wannan sashe kaɗai ina roƙonka ka sayi sabo. Za ka ga tambarin 80 Plus a jikin wasu. Ma'anarsa ita ce aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ne ke zama zafi. Tambarin ba shaidar inganci ba ne ɗari bisa ɗari, amma rashinsa alama ce ta a yi hattara. Game da girma, ga lissafi mai sauƙi: furosesa mai wat 65 da katin hoto mai wat 132, da sauran ƙananan kaya, duka ba za su kai wat 300 ba. Ka ga ke nan mai wat 550 na gaskiya ya wadatar har da rara. Gara wat 550 na gaskiya da wat 800 na ƙarya.

Akwai wani tarko da ya shafi kayan da aka kawo daga Amurka. Wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 ka soka shi a bangonmu, nan take zai fashe. Ka duba kafin ka kunna.

Bayan akwatin wuta sai kariya ta waje. Kada ka soka kwamfutarka kai tsaye a bango. Ka nemi UPS mai daidaita wuta, ko aƙalla sitabilaiza mai jinkirta kunnawa idan an dawo da wuta. Ka lura da cewa lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai VA 650 yawanci abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, don haka ga kwamfutar wasa da monita gara mai VA 1000 ko sama. Kuma aikinsa shi ne ya ba ka 'yan mintoci ka adana aiki ka kashe inji cikin natsuwa, ba wai ka ci gaba da wasa ba. Ƙaramin janareta na unguwa shi ma wutarsa hawa da sauka take yi, kada ka amince masa ba tare da kariya a tsakani ba.

A ƙarshe, ka yi lissafin mita. Injin da yake jan wat 300 na awa huɗu a rana ya ci yunit 1.2, wato yunit 36 a wata. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, wannan ya haura naira 8,000 a wata. Wannan ma dalili ne na zaɓen sassan da ba su da haɗamar wuta.

Katin Hoto

Idan an gama da wuta, katin hoto ne ya cancanci kaso mafi tsoka. A nawa ganin, kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin injin a nan ya kamata su tafi, domin a yawancin wasanni shi ne yake yanke hukuncin yadda hoto zai gudana. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya sayi furosesa mai tsada saboda ya ji ana cewa i7, sannan ya haɗa ta da kati mai rauni. Wannan kamar a ɗaura wa jaki sirdin doki ne.

Ga mai neman 1080p, RX 6600 na kamfanin AMD da ya fito a 2021 zaɓi ne mai kyau, yana da giga 8 na ƙwaƙwalwar hoto kuma wat 132 kawai yake ci. RTX 3060 na Nvidia mai giga 12, shi ma na 2021, yana cin wat 170. A kula, akwai wani RTX 3060 mai giga 8 da ya fito daga baya wanda bai kai na farkon gudu ba, ko da yake sunansu ɗaya. Idan aljihu bai kai nan ba, GTX 1660 Super na 2019 mai giga 6 yana iya ɗaukar wasannin ƙwallo da na gasa ba tare da wahala ba. Ni dai ba zan ba ka shawarar katin da bai kai giga 6 ba, kuma in da hali ka tsaya a 8.

Yanzu bari mu taɓo batun na hannu, wato tokumbo, domin a nan yawancinmu za mu ƙare. Shekaru da dama an yi amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗin intanet na Ethereum, suna aiki dare da rana ba hutu. Da aka canza tsarin kuɗin a watan Satumban 2022, haƙar ta tsaya, sai katunan suka malalo kasuwannin duniya. RX 580 na 2017 yana cikin waɗanda aka fi wahalarwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma dole a gwada. Akwai kuma na jabu, inda ake ɗaukar tsohon kati a canza masa suna a cikin manhajarsa, ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Maganin wannan shi ne manhajar GPU-Z, wadda take fallasa ainihin abin da ke ciki, da kuma FurMark, wadda take matsa wa kati lamba. Ka sa a kunna maka shi na minti goma sha biyar a gabanka. Idan ka ga ɗige-ɗige ko layuka a allo, ko fanka ta tsaya, ko injin ya mutu, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Furosesa Da Uwar Allo Da Saura

Furosesa da uwar allo kamar ƙwarya ce da murfinta, dole bakinsu ya zo ɗaya. Kowace furosesa tana da irin mazaunin da take shiga. Ryzen 5 5600 ta AMD, wadda ta fito a 2022 da kawunan aiki shida, tana zama a mazaunin AM4, kuma allunan B450 da B550 suna ɗaukarta, sai dai wasu tsofaffin B450 sai an sabunta musu BIOS tukuna. A ɓangaren Intel, Core i3-12100F mai kawuna huɗu da i5-12400F mai shida suna zama a LGA1700. Dukansu sun isa wasa. Shafin PCPartPicker yana taimakawa wajen gano ko sassa za su jitu, ka yi amfani da shi don wannan, ka bar farashinsa domin ba na kasuwarmu ba ne.

Haruffan ƙarshen suna suna da ma'ana. A Intel, F tana nufin babu na'urar hoto a cikin furosesar, ba za ta nuna komai ba sai da kati. Ryzen 5 5600 ma haka take. Amma 5600G tana da nata hoton a ciki. Wannan wata hanya ce ga wanda kuɗinsa bai kai ba: ya haɗa inji da 5600G, ya riƙa buga ƙananan wasanni yana yin aikin makaranta, bayan wasu watanni ya ƙara kati. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da RAM, giga 16 ita ce daidai, kuma ka saye ta sanda biyu masu giga 8 maimakon sanda ɗaya mai 16, domin biyu suna buɗe hanya biyu ga furosesa. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, kuma mazaunin AM5 da AMD ta fitar a 2022 DDR5 kawai yake karɓa, shi ya sa tsohon AM4 ya fi dacewa da talaka. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira da suke kwashe ta, don haka ka tambayi farashinta tun kafin ka tsara sauran lissafi.

Ma'ajiya kuwa, ka sayi SSD. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 200 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai wa 550, na NVMe kuwa yana haura 3,000. Giga 500 ya isa farawa, amma ka sani wasu wasannin guda ɗaya yana cin sama da giga 100, wanda kuma nauyi ne a kan kuɗin data. Idan na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa da yawan awannin da ya yi yana aiki.

Tsohuwar Kwamfutar Ofis

Akwai wata dabara da ta shahara: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP da araha, a soka mata kati. A da dabara ce mai kyau, yanzu kuwa tana da ƙaya. Na farko, akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma sau da yawa wayoyinsa na musamman ne da ba sa canzuwa cikin sauƙi, ga gidan siriri, sai ƙaramin kati. Na biyu, Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa a hukumance tana buƙatar abin tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zuriya ta takwas zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000. Wasu sababbin wasannin gasa ma sun fara neman irin wannan tsaro kafin su buɗe. Saboda haka idan mai shago ya ce maka i5 ce ko i7, ka tambaye shi ta wace zuriya. i3 ta zuriya ta goma sha biyu ta fi i7 ta zuriya ta huɗu nesa ba kusa ba.

Shiga Kasuwa

Ko Computer Village ta Ikeja za ka je, ko wata kasuwar kwamfuta a garinku, ƙa'idar ɗaya ce. Ka tafi da wanda ya san harkar. Ka shiga shago mai mazauni wanda za ka iya komowa gobe, ka rabu da masu tare mutane a bakin hanya. Ka zagaya aƙalla shago uku kafin ka ciro kuɗi, matambayi ba ya ɓata. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kowane kaya, kuma a rubuta kwanakin garanti a kai, maganar baki ba ta da amfani ranar rigima. Furosesa da RAM da gida ba su cika ba da matsala ba in na hannu ne. Katin hoto da uwar allo sai an gwada. Akwatin wuta kuwa, na riga na faɗa, sabo.

Wani abu kuma: kada ka riƙa sayen sassa ɗaya-ɗaya kana ajiyewa na tsawon watanni. Garantin kayan hannu gajere ne, kafin ka tara saura ya ƙare, kuma ba ka da yadda za ka gwada abin da ka saya. Gara ka tara kuɗin, ka sayi komai a cikin mako guda.

Ranar Haɗawa

Haɗa kwamfuta bai kai yadda ake tsoronsa ba. Sukudireba guda mai bakin kuros da natsuwa su ne kayan aiki. Ka zare komai daga wuta, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa sassa. Ka ɗora uwar allo a kan kwalinta, ka sa furosesa da RAM da SSD tun a waje. A kusurwar furosesa akwai ɗan alama mai kusurwa uku, ka daidaita shi da na mazaunin, za ta zauna da kanta ba tare da dannawa ba. Idan sai ka danna, to ka yi kuskure, kuma lanƙwasasshen fil yana da wuyar gyara.

Ga ƙananan abubuwan da suke sa sabon shiga kuka. Idan akwai leda a ƙasan abin sanyaya furosesa, a cire ta. Man da ake shafawa tsakaninsu kamar ƙwayar wake ya isa, kuma wasu suna zuwa da nasu a shafe. A allo mai ramin RAM huɗu, yawanci na biyu da na huɗu ake fara cikawa, littafin allon zai tabbatar maka. Kada a manta da ƙananan ginshiƙan da ke raba allo da ƙarfen gida. Wayar wuta mai fil 24 da ta furosesa mai fil 8 duka sai sun shiga har sun yi ƙara. Na ƙarshe, wanda ya fi kama mutane: wayar monita a jikin katin hoto ake soka ta, ba a jikin uwar allo ba. Idan ta tashi, ka shiga BIOS ka kunna XMP domin RAM ta yi gudun da ka biya kuɗinsa.

Daga nan sai kula. Ƙasarmu da zafi, ga ƙura lokacin hunturu. Gida mai raga a gaba da fanka biyu ya fi mai gilashi ta ko'ina wanda iska ba ta shiga. Ka ɗaga injin daga ƙasa, ka hure masa ƙura duk bayan wata biyu ko uku, ka rufe shi da zane idan yana kashe.

Masu Wani Ra'ayi

Na san wasu za su ce, duk wannan wahala ta mece ce, me zai hana a sayi PlayStation 4 na hannu a huta? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Idan ƙwallo kawai kake so, wannan ya fi maka araha da sauƙi, kuma ba zan hana ka ba. Wasu kuma za su ce laftof ta fi, tunda tana da batir kuma ana iya kulle ta a akwati. Ga wanda yake zaune a ɗakin mutum shida inda ake yawan ɓatan kaya, wannan ma hujja ce mai ƙarfi. Amma laftof mai ƙarfi ɗaya da injin tebur ta fi shi tsada, tana saurin zafi, kuma ba a canza mata katin hoto. Injin da ka haɗa da hannunka kuwa yana girma tare da kai. Bana ka ƙara RAM, baɗi ka canza kati. Da shi za ka buga kundin kammala karatunka, ka koyi tace bidiyo ko zane, har ka sami na kashewa. Ƙari a kan haka, wanda ya haɗa nasa ba ya tsoron buɗe shi ranar da ya lalace.

Akwai kuma masu cewa wasa ɓata lokacin ɗalibi ne. Gaskiya ne yana iya zama haka, na ga waɗanda suka kwana suna wasa suka makara jarrabawa. Abin da zan ce shi ne, kuɗin makaranta da na abinci da na littafi ba kuɗin kwamfuta ba ne, kuma kada ka ci bashi saboda wasa. Idan ba ka da shi yanzu, ka jira.

Kammalawa

Bayan waccan asara, wata bakwai na yi kafin na sake haɗa wani injin. A wannan karon akwatin wuta na fara saye, sannan UPS, sannan kati. Gidan da na samu baƙi ne na hannu, da ɗan karce a gefe, ba fitila ko ɗaya. Abokan da suke zuwa kallon wancan ba su ce wannan ya yi kyau ba, amma an sha ɗauke wuta ana dawowa da ita yana nan da ransa.

Don haka ɗan'uwa, ka san wasan da kake so, ka san abin da ke aljihunka, ka ba wuta haƙƙinta, ka gwada kafin ka biya, kuma kada idonka ya yi maka ciniki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.